Jagoran kallon tsuntsaye a fadamar Haɗejiya-Nguru: sharhi kan hidimarsa a lokacin ƙwan zakaran ƙeƙuwa

A garuruwan da ke kewaye da fadamar Haɗejiya-Nguru akwai mutane ƙalilan da suka ɗauki rakiyar masu kallon tsuntsaye a matsayin sana'a, kuma a kan hidimar ɗaya daga cikinsu wannan sharhi yake. Ba kamfani ba ne, ba shi da ofis, ba shi da allon talla. Ɗan yankin ne wanda ya taɓa aiki tare da masu ƙidayar tsuntsayen ruwa, kuma jarinsa bai wuce babur ba, da madubin hangen nesa guda biyu, da littafin hotunan tsuntsaye wanda ya sha hannu, sai wani dattijon masunci da ke tuƙa masa kwale-kwale. Ta waya ake samunsa, a yi ciniki na yini guda, kuɗin kuma ya ƙunshi rakiyarsa da man babur da ladan matuƙi. Yawancin masu nemansa da sanyin hunturu suke zuwa, lokacin da tsuntsayen Turai suka cika fadama, burinsu kuwa su tara sunaye masu yawa a takarda. Ni a bazara na neme shi, kuma abu ɗaya na ce ya nuna mini: yadda zakaran ƙeƙuwa ke neman mace, da yadda yake kwanci, da yadda yake renon 'ya'yansa.

Fadamar ta ratsa jihohin Jigawa da Yobe, a inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke barbazuwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Cadi. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar ruwa ta Marma, masu faɗin hekta 58,100, cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi, kuma su ne na farko a Najeriya, sannan dausayin Baturiya da tafkin Dagona, su ma a cikin fadamar, suka biyo baya a 2008. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 a kan kogunan da ke ciyar da kogin Haɗejiya, ambaliyar damina ta ragu, yanayin hawa da saukar ruwa ya sauya. Wannan ya shafi tsuntsun da muke magana a kai kai tsaye, domin shi a ƙasa tsirara yake ƙwai, a kan laka busasshiya ko tsandauri da ruwa ya janye ya bari. Jagoran ya san wannan sani na zahiri. Kafin mu tashi daga gari ya riga ya tambayi masunta da manoman rani inda ruwa ya ja a makon nan da inda shanu suka bi, kuma bisa amsarsu ya zaɓi hanya.

Zakaran ƙeƙuwa ba iri ɗaya ba ne. Masana sun haɗa fiye da iri ashirin a ƙarƙashin sunan Vanellus, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawansu. Uku daga ciki jagoran ya nuna mini. Na farko shi ne mai ƙaimi a gwiwar fiffike, Vanellus spinosus, mai baƙin kai da baƙin ƙirji da farin kumatu da jajayen idanu, wanda ba ya nisa da bakin ruwa. Na biyu mai tukku siriri a ƙeya ne, Vanellus tectus, mai jan baki da jajayen ƙafafu, mazaunin tsandauri. Na uku ya fi su girma, Vanellus senegallus, mai rawayar ƙafa da rawayar fata da ke reto a gefen baki, wanda ya fi son ciyawa mai danshi. Da kuka kaɗai jagoran ke bambance su tun kafin a gan su, kuma duk wanda ya kira, da na ɗaga madubi shi nake gani. A wannan fanni ban ga abin da zan rage masa ba.

Abin da ya fi cancantar kuɗin da na biya shi ne yadda yake gano gurbi. Ba ya bin fili yana duban ƙasa, domin ƙwan wannan tsuntsu ya saje da ƙasar da yake kai, mai nema da ƙafa ya fi kusa da takawa a kan ganowa. Bayan sallar asuba muka isa wani faƙo a gefen ruwa, tsuntsaye biyu, irin mai ƙaimi, suka tashi da ƙara suna shawagi a kanmu, shi kuwa bai ko waiwaye su ba, ya wuce da ni har gindin wata bagaruwa mai nisa, ya shimfiɗa buhu, ya ce, "Malam, zauna nan, kada ka nuna da hannu. Ita ce za ta kai mu." Muka yi shiru har ƙarar ta lafa. Ɗaya ya sauka a kan tudu ya miƙe wuya yana gadi, ɗayan kuma ya sauka can nesa ya fara kiwo kamar ba abin da ya dame shi. Ya ɗan ruga, ya tsaya, ya tsinci wani abu, ya sake rugawa ta wata fuska. A wani wuri ma ya durƙusa ya zauna kamar a kan ƙwai, na ce ga gurbin nan, jagoran ya girgiza kai ya ce zaman ƙarya ne, don a ruɗi mai kallo. Sai bayan ya tashi daga nan ya yi kewaye mai faɗi, kansa a sunkuye, sannan ya isa wani wuri kusa da busasshiyar kashin shanu, ya buɗe gashin cikinsa, ya girgiza jiki hagu da dama, ya lafe. Jagoran ya auna wurin da wani kututture da ke bayansa, ya ce wannan shi ne na gaskiya.

Gurbin, wanda ya bari na leƙa a gurguje da sanyin safiya, ɗan rami ne da bai kai zurfin tafin hannu ba, an jera masa ɓarɓashin laka da guntayen ciyawa da ƙananan ɓawon katantanwa. Ƙwai huɗu ne a ciki, launin ƙasa-ƙasa mai ɗan kore, da ɗigo-ɗigon baƙi manya da ƙanana, kowanne da faɗi a gefe guda da tsini a ɗaya gefen, kuma tsinin duka huɗun yana fuskantar tsakiya. Wannan jeri shi ne ke ba tsuntsu mai matsakaicin jiki damar rufe ƙwai huɗu manya a lokaci guda. Manya ne kuwa idan aka gwada da jikin uwar, domin ɗan da zai fito daga ciki a shirye yake fitowa, da gashinsa da buɗaɗɗun idanu, kuma cikin 'yan sa'o'i yake barin gurbi. Namiji ne ke fara haƙa irin waɗannan ramuka tun lokacin neman aure: yakan kife ƙirjinsa a ƙasa, ya ɗaga wutsiya, ya riƙa shuri da ƙafafu yana juyawa, ya yi ramuka da dama a cikin yankinsa, mace ta zo ta gwada ta zaɓi ɗaya. Jagoran ya nuna mini biyu daga cikin ramukan da aka bari babu kowa, 'yan taku kaɗan daga na gaskiyar, abin da ni kaɗai da sawun kofato zan ɗauke su.

Da rana ta ɗaga muka ga sauyin kwanci, kuma a nan na fahimci dalilin da ya sa ya nace mu zauna maimakon mu bi wasu wurare. Mai gadi ya sauko daga tudu ya nufo gurbi a hankali, mai kwanci ya miƙe ya fara tafiya yana tsintar ƙananan tsakuwa da ciyawa yana jefawa ta bayan kafaɗarsa wajen gurbin, ɗayan kuma ya maye wurin kafin ƙwai su sha rana. A watan Afrilu zafin iska a wannan yanki yakan haura digiri 40, ƙasa tsirara kuma ta fi haka nesa ba kusa ba, alhali ɗan da ke cikin ƙwai digiri 37 zuwa 38 yake buƙata, kuma ƙarin 'yan digiri kaɗan na ɗan lokaci ya isa ya kashe shi. Saboda haka da tsakar rana aikin iyaye ya juye: ba ɗumama ƙwai suke yi ba, sanyaya su suke yi. Tsuntsun yakan tsaya a kansu yana yi musu inuwa, baki a buɗe yana haki, gashin bayansa a tashe. Na ga wanda aka karɓa ya nufi bakin ruwa, ya tsoma cikinsa sau da yawa, ya dawo ya zauna a kan ƙwan da jiƙaƙƙen gashi. An san wannan ɗabi'a sosai a wurin ɗan'uwansa mai farin kai, Vanellus albiceps, wanda ke ƙwai a kan yashin manyan koguna irin Neja da Binuwai, da kuma irin da ke Indiya. Haka iyayen biyu za su yi ta karɓa-karɓa tsawon mako uku zuwa huɗu kafin ƙyanƙyasa.

A kan wannan sauyin kwanci ne na fara samun saɓani da jagoran, kuma saɓanin ya shafi ingancin abin da yake gaya wa baƙi. Ya ce mini, da cikakken yaƙini, zakaran ƙeƙuwa mace ɗaya yake aure, ba ya ƙari, ba ya saki, kuma waɗannan biyun da muke kallo su ne dai ya gani a wannan faƙon bara da bara waccan. Kashi na farko na maganar yana da tushe: abin da aka fi sani game da mai ƙaimi da sauran irin na Afirka shi ne namiji ɗaya da mace ɗaya suke riƙe yanki, su yi kwanci tare, su yi reno tare. Amma kashi na biyu ido ba zai iya tabbatar da shi ba. Namiji da mace na mai ƙaimi kamarsu ɗaya, launinsu ɗaya, ko da madubi mai kyau ba a rabe su sai lokacin barbara, balle a ce an gane wani tsuntsu guda bayan shekara. Ganin biyu a wuri ɗaya kowace shekara yana nuna wurin yana da kyau, ba ya nuna cewa su ne na da. Hanyar da ake tabbatar da irin wannan ita ce a sa wa tsuntsaye zobba masu launi a ƙafa don a gane kowanne, a kuma yi gwajin DNA don a san uban kowane ɗa.

Duk inda aka yi wannan aiki, sakamakon ya nuna cewa auren wannan dangi ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya. Irin na Turai, Vanellus vanellus, mai dogon tukku da baya mai sheƙin kore, shekaru da yawa ana ɗaukarsa mai mace ɗaya. Da masu bincike a Ingila da Norway da Sweden suka bi tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1990, sai suka tarar daga kashi ɗaya cikin biyar har zuwa kusan rabin mazan da ke wasu wurare suna da mace fiye da ɗaya, galibi biyu, wani lokaci uku, kowacce da gurbinta a cikin yankin namijin. Namijin yakan tashi sama da bazarar can yana wulƙitawa yana faɗowa kamar zai bugi ƙasa, fikafikansa na ƙara, kuma da wannan wasa da kyawun filin da ya riƙe yake jan mata. Uwargida takan yi faɗa da mai shigowa, kuma tana da dalili, domin taimakon namiji wajen kwanci da gadi raguwa yake idan an raba shi, amarya kuma ita ta fi samun kaso kaɗan. A Kudancin Amurka kuwa, Vanellus chilensis, wanda Uruguay ta ɗauka tsuntsun ƙasa, wani lokaci manya uku ko fiye ne ke tsaron gurbi ɗaya suna taya juna reno, kuma gwajin DNA a Brazil ya nuna akwai gurbin da 'ya'yansa ba ubansu ɗaya ba. Na gaya wa jagoran wannan, ya saurara da kyau, ya yi tambayoyi masu ma'ana, amma da wasu baƙi suka same mu daga baya na ji ya maimaita musu maganar amana har mutuwa. Labari ne mai daɗin ji, baƙi suna sonsa, sai dai wanda ya biya kuɗi don ya koyi abu ya cancanci a rarrabe masa abin da aka gani da abin da ake zato.

Abin da ya kamata ya riƙa faɗa, wanda kuma ya fi labarin amana ban sha'awa, yana gabansa kullum. A ƙasa mai sanyi mace tana iya barin ƙwai ta je kiwo ta dawo ta same su da rai, don haka namiji yana da sararin neman wata. A faƙon Nguru da azahar ƙwai ba sa jure a bar su, kuma tsuntsu ɗaya ba zai iya tsayawa a rana yini guda ba ci ba sha ba, saboda haka dole sai biyu. Bincike a kan wani ƙaramin ɗan'uwansu da ke ƙwai a yankin Larabawa ya nuna cewa duk lokacin da zafi ya ƙaru, rabon namiji a kwanci yana ƙaruwa, sauyin hannu kuma yana yawaita. Jeffrey Walters, wanda ya yi nazarin wannan dangi a Kenya da Venezuela ya kuma wallafa sakamakonsa a 1982, ya duba wata fuskar: ko da yake 'ya'yan da kansu suke kiwo, tsaronsu yana cin lokacin iyaye sosai, kuma nauyin wannan tsaro yana da hannu a yawan ƙwan da ake yi da kuma adadin manyan da reno ke buƙata. Jagoran ya san duk abin da ke bayan waɗannan bayanai da idonsa, bai dai haɗa su ba.

Tafiyar kwale-kwale ta ƙara wa wannan darasi armashi, kuma a nan yabon na dattijon matuƙi ne. Ya bi da mu wata siririyar hanya a cikin kacalla, ciyawar da ta toshe magudanan fadamar ta kuma hana masunta da manoma sakat, har muka fito wani fili da bado ya rufe. Jagoran ya ce, "Baba, a tsaya nan," dattijon ya kafa gora ya riƙe jirgin cak. A kan ganyen badon akwai tsuntsun nan mai dogayen yatsu da jan jiki da shuɗin goshi, Actophilornis africanus, wanda aurensa kishiyar na zakaran ƙeƙuwan Turai ne: mace ce babba, ita ke riƙe yanki, tana iya samun maza da yawa, ta yi wa kowanne ƙwai ta bar masa, shi ya yi kwanci ya yi reno, har yakan ɗauki 'ya'yan a ƙarƙashin fikafikansa ƙafafunsu na reto. A bakin laka kuma akwai ragowar tsuntsayen Calidris pugnax, baƙin hunturu da ke zuwa fadamar nan da yawan gaske, suna shirin komawa arewacin Turai da Siberiya, inda mazansu ke taruwa a dandali suna nuna ado, mace ta zaɓa ta tafi ta yi reno ita kaɗai. Dukansu dangi ɗaya ne babba da zakaran ƙeƙuwa, kuma samun su cikin yini guda a wuri ɗaya abu ne da ba kowace fadama ke bayarwa ba.

Tsaron gurbi shi ne abin da ko wanda bai damu da tsuntsaye ba zai tsaya ya kalla. Hankaka ya ratso ta sama, mai gadi ya tashi ya bi shi yana kai masa sura daga baya, maƙwabtansa daga wasu yankunan suka taso suka taya shi har suka fitar da shi daga faƙon. Haka suke yi wa shirwa da guza da kare. Ga shanu kuwa dabarar daban ce, domin saniya ba ƙwai take nema ba, takawa kawai za ta yi: mai kwanci yakan zauna har sai ta matso, sannan ya miƙe a kan gurbin ya buɗe fikafikai, fari da baƙinsu ya bayyana, yana ƙara a fuskarta har ta kauce. Da wani yaro ya koro garke ta wajen, jagoran ya tashi ya tare shi da sallama, ya ce, "Samari, don Allah ka ɗan bi da su ta gabas, akwai mai ƙwai a nan," yaron kuma ya juya su ba musu. Na fahimci cewa ya saba yin haka, makiyayan wurin sun san shi. A wani faƙon ya nuna mini 'ya'ya uku da ba su daɗe da fitowa ba, suna bin bakin laka suna tsintar ƙwari, iyayen na tsaye ɗaya a kowane gefe. Da uwar ko uban ya yi wani gajeren kuka sai duka ukun suka lafe a ƙasa suka ɓace wa ido, ko da yake madubina na kansu. Kimanin mako bakwai za su yi a haka kafin su iya tashi, kuma a wannan tsakani ne aka fi asararsu.

Babban aibin hidimar ya bayyana ne lokacin da baƙin da na ambata suka iso, su biyu da kyamara, rana ta take. Ɗayansu ya ce yana son hoton ƙwai a kusa. Mutumin da ya hana ni nuni da hannu da safe, shi ne ya ce, "To, Alhaji, amma a yi sauri," ya kai su har kan gurbin da muka yini muna kallo daga nesa. Ba a yi saurin ba. An durƙusa, an sauya gilashin kyamara, an kawar da wata ciyawa da ta shiga hoto, iyayen suna ta kururuwa a sama, ƙwai huɗu suna kwance a rana tsirara a daidai lokacin da suka fi buƙatar inuwa. Ga kuma sawun mutum uku da ya zana hanya zuwa gurbin, ga hankaka a kan bishiya yana kallon inda aka taru. Na yi masa magana bayan sun tafi, ya ce ya sani, amma idan ya hana su ba za su dawo ba, kuma ba za su turo wasu ba. Na fahimci matsin da yake ciki, mutum ne mai iyali kuma baƙi ba su da yawa a bazara, sai dai wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a kawar da kai a kansa. Duk darajar hidimarsa a kan waɗannan gurabu take, kuma shi ne ya fi kowa sanin abin da rana ke yi wa ƙwai. Ya kamata ya kafa sharaɗi tun a wajen ciniki: ba a zuwa kan gurbi idan hantsi ya wuce, ba a taɓa komai a kewayensa, kuma wanda bai yarda ba ya nemi wani.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne amma na gaske. Madubin da yake ba baƙo aro ya sha ƙura, idanunsa biyu ba su daidaita ba, yana sa ciwon kai idan an daɗe ana kallo, don haka mai zuwa ya zo da nasa, mai lamba 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas, ya wadatar. Ba shi da babban madubi mai ƙafa uku, wanda da akwai shi da buƙatar matsawa kusa da gurbi ta ragu ƙwarai, har masu son hoto su iya ɗauka ta cikinsa da waya. Babu rigar kariya daga nutsewa a kwale-kwalen, kuma akwai wurare masu zurfi. Ruwan shan da ya tanada bai isa yinin bazara ba. Ya kuma ba da tsohon labarin nan cewa mai ƙaimi yana shiga bakin kada ya sakace masa haƙora, labarin da ya samo asali tun zamanin Girkawan da, wanda har yau babu hujjar da ta tabbatar da shi.

Da la'asar sakaliya ya kai ni wani tsandauri a bayan gari don mai tukku, kuma wannan ɓangaren ya yi gajarta fiye da yadda na so. Shi wannan iri da dare ya fi walwala, da rana a inuwar ƙaya yake tsayawa shiru, ƙwansa kuma biyu ne ko uku, ba huɗu ba. Mun ga biyu a tsaye kusa da juna, ɗaya yana kife ƙirji a ƙasa yana shuri, alamar gurbi bai riga ya kammala ba, amma magariba ta kawo jiki, jagoran kuma ba ya son bin hanyar yashi da babur cikin duhu, kuma yana da gaskiya. Wanda wannan iri ya fi damunsa ya ware masa yammaci na musamman, ya faɗa tun a waya.

Kuɗin da ya nema bai yi yawa ba idan aka duba cewa yini ne cur a cikin rana, da mutum biyu da babur da jirgi, kuma ban ga dalilin matsa masa a ciniki ba. Hidimar ta dace da ɗaliban nazarin halittu, da malaman makaranta masu son nuna wa yara abu a zahiri, da duk wanda zai iya zama wuri ɗaya sa'o'i yana kallon tsuntsu biyu. Ba ta dace da mai gaggawa ba. Ya sanar da mai unguwa zuwanmu kafin mu shiga fadama, kuma ya ce idan tafiyar ta haɗa da Dagona sai an bi ta hannun ma'aikatan gandun dajin ƙasa na Tafkin Cadi, waɗanda wurin ke ƙarƙashinsu. Abin da na roƙe shi kafin mu rabu shi ne ya fara rubutawa: ranar da ya ga gurbi, ƙwai nawa, yaushe aka ƙyanƙyashe, me ya cinye wanda ya lalace, da kuma ko ya taɓa ganin manya uku a yanki ɗaya. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tafiyar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma 'yan sa-kai ne ke aika masa bayanai ta waya. Ya ce zai sayi littafin rubutu a kasuwar Nguru, ya kuma nemi in tura masa lambar wani daga cikin masu shirin.